Yadda ake ƙara suwic a layin intanet na gida

Rautar sim, wato na'urar da ake saka wa sim ta raba intanet, da ake amfani da ita a garuruwa irin su Rano, Bichi ko Gumel ramukan waya kaɗan ne da ita, wata ma ɗaya tal. Da an jona kwamfutar shago da na'urar kyamara, wuri ya ƙare. Suwic, wato ƙaramin akwati mai ramukan wayar intanet da yawa, shi ke ƙara ramukan. In ƙaramar MiFi ta aljihu gare ka, fara dubawa, don yawancinsu ba su da ramin waya.

Sayi mai rami 8. Wayar rauta za ta cinye ɗaya, ka ga mai 5 ya koma 4 ke nan. A tabbatar an rubuta Gigabit ko 10/100/1000 a kwalin, wato mai saurin gudu. Mai 10/100 ya fi araha, amma arahar banza ce.

Ɗauki waya ɗaya daga ramin rauta da aka rubuta wa LAN, ba WAN ba, ka soka a kowane rami na suwic. Babu wani saiti. Fitila ta kama, an gama. In za a kai wani suwic sashen iyali ko zaure, kowanne ya taso kai tsaye daga babban, kada a jera su wannan bayan wancan, don na tsakiya yana mutuwa na bayansa duk sun tafi.

Ga inda sababbin hannu ke rushe aiki. Tsakanin na'ura da na'ura waya ɗaya ce kawai. Mutum zai ga ramuka a buɗe, ya ƙara ta biyu tsakanin rauta da suwic wai gudu ya ninka. Ko yaro ya ga kan waya yana lilo ya soka shi, alhali ɗaya kan yana jikin wannan suwic ɗin. Daga nan saƙonni su yi ta kewaya ba tsayawa har layin ya toshe. Alamarsa, fitilu duka suna ƙyaftawa tare da sauri, intanet ya ɗauke har Wi-Fi, a yi ta zagin kamfanin layi a banza. Ƙananan suwic masu araha yawanci ba sa gane wannan. Zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ka zare fitilu suka lafa ita ce. Tun farko a naɗa salatif a kawunan kowace waya, a rubuta inda ta nufa.

Waya kuwa a sayi wadda aka rubuta wa Cat6, ta jan ƙarfe zalla. Wadda aka rubuta CCA alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe, saurin karyewa gare ta. Kada tsawon ya wuce mita 100. Cikinta akwai siraran wayoyi takwas, in za a haɗa mata kai a jera launinsu iri ɗaya a kawuna biyun: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ruwan ƙasa. Gigabit duka takwas ɗin yake so, ɗaya ta kuskure gudu ya faɗo irin na mai 10/100 ko layin ya ƙi tashi.

Tsakanin gini da gini a zura ta cikin bututun roba a binne, saboda ɓeraye da rana. Da damina, in hadari ya taso, a zare ta daga jikin na'urorin saboda tsawa. Masu sola su duba jikin adafta, wani suwic 5V ne ko 9V, batirin 12V zai ƙona shi. Tsohuwar rauta ma tana zama suwic: shiga saitinta ka kashe DHCP, wato sashen da ke raba wa na'urori lambar adireshi, ka jona ta ramin LAN.