Yadda Ake Tantance Jita-jitar Tashin Darajar Dinarin Iraƙi Kafin A Zuba Kuɗi

Tun daga shekarar 2003, lokacin da sojojin Amurka da ƙawayenta suka kifar da gwamnatin Saddam Husaini, ake yaɗa wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wai nan ba da jimawa ba Babban Bankin Iraƙi zai ɗaga darajar dinari a dare ɗaya har ya kamo dala, ta yadda duk wanda ya tara takardun kuɗin zai wayi gari attajiri. Fiye da shekara 20 ke nan ana jiran wannan safiya. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke faɗawa tarkon galibi masu ƙaramin ƙarfi ne da suka daɗe suna tari, kuma sunan kuɗin kansa yana taimakon mai talla, domin kunnenmu ya saba da dinarin zinare wanda ake ƙiyasta sadaki da nisabin zakka da shi. Wannan kuwa takarda ce da babban banki ke bugawa, kuma akwai hanyar auna ta.

Fara da neman tarihin farashin, kada ka tsaya a guntun da mai talla ya zaɓa ya nuna maka. Gaskiya ne cewa kafin 1990 dinari ɗaya ya haura dala 3 a farashin hukuma, amma bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agustan wannan shekara da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnati ta koma buga kuɗi babu ƙaƙƙautawa domin biyan bukatunta, har a 1995 sai da mutum ya ba da dinari kusan 3,000 kafin ya sami dala ɗaya. Takardun da ake sayarwa yanzu sun samo asali ne daga canjin da aka yi tsakanin 15 ga Oktoban 2003 da 15 ga Janairun 2004, inda aka karɓi tsofaffin masu hoton Saddam ɗaya da ɗaya. Daga nan farashin ya zauna wajen 1,470, ya ƙarfafa a hankali zuwa 1,170 a 2009, aka karya shi zuwa 1,460 a Disamban 2020, sannan a Fabrairun 2023 gwamnatin Firaminista Muhammad Shi'a al-Sudani ta amince da mayar da shi 1,300. Wanda ya sayi dinari miliyan ɗaya a 2004, wato jajayen takardun 25,000 guda 40 masu hoton Sarki Hammurabi a bayansu, ya riƙe abin da bai wuce dala 680 ba, kuma bayan shekara 20 a ƙarƙashin katifa sun zama dala 760 da 'yan kai. Hauhawar farashin kaya ta cinye wannan ribar tun tuni.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma alƙalami da takarda kawai yake bukata. Nemi adadi biyu daga rahoton Babban Bankin Iraƙi ko na Asusun Ba da Lamuni na Duniya: yawan dinarin da aka buga, da kuma yawan kuɗin waje da bankin ke da shi a ajiya. A 'yan shekarun nan takardun da aka fitar sun kai kimanin dinari tiriliyan 100, ajiyar ƙasar ta kuɗin waje kuma tana kusa da dala biliyan 100. Idan ka raba na farko da na biyu za ka sami dinari dubu a kan kowace dala, wanda bai yi nisa da farashin da ake gani ba. Wannan ba dace ba ne. Farashin dinari ɗaure yake da dala, kuma bankin yana kare shi ne ta hanyar sayar wa bankuna dala, don haka ba zai iya yanka farashin da ba shi da dalar biyansa ba.

Yanzu ka ɗauka an sanar gobe cewa dinari ɗaya ya zama dala ɗaya. Takardun da ke yawo za su zama dala tiriliyan 100, adadin da ya yi kusa da abin da duniya gaba ɗaya take samarwa a shekara, alhali tattalin arzikin Iraƙi bai fi dala biliyan 250 zuwa 300 ba. Tun kafin azahar jama'a za su yi dafifi a bankunan Bagadaza da Basra suna neman a ba su dala, kuma kashi ɗaya cikin dubu na takardun ya isa ya kwashe ajiyar ƙasar ƙaf. Idan mai talla ya ce maka man da ke ƙarƙashin ƙasa ne zai tsaya wa kuɗin, ka tuna masa cewa man da ba a haƙo ba ba ya biyan mai neman canji a kan kanta, kuma wanda ake haƙowa, ganga miliyan 4 da wani abu a rana, tuni an raba kuɗinsa a kasafi.

Daga nan ka tambayi kanka ko gwamnatin ma tana son hakan. Kimanin kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarta daga mai yake fitowa, da dala ake biyanta, ita kuma tana biyan albashin miliyoyin ma'aikata da 'yan fansho da dinari. Duk lokacin da dinari ya ƙara daraja, kowace dalar mai tana kawo mata dinari kaɗan, albashi kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa da farashin mai ya faɗi a 2020 aka karya dinarin domin a iya biyan ma'aikata. Ɗagawar 2023 ma ƙarama ce, an yi ta ne domin kwantar da hankalin jama'a bayan Amurka ta tsaurara bincike kan dalar da ke fita daga asusun Iraƙi a Babban Bankin Tarayya na New York, kuma duk da sanarwar, 'yan canjin kasuwar bayan fage sun ci gaba da sayar da dala sama da farashin hukuma.

Akwai kuma ruɗanin da ake yi da gangan tsakanin ɗaga daraja da cire sifili. Jami'an Iraƙi sun daɗe suna ambaton shirin cire sifili uku daga dinari, masu talla kuma sukan ɗauki irin wannan labari su ce ga shaida ta fito. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima a Accra sun ga yadda abin yake a 2007, lokacin da Ghana ta karɓi tsohon sidi 10,000 ta ba da sabo ɗaya: aljihu ya yi sauƙi, lissafi ya yi sauƙi, amma mudun shinkafar da kuɗin mutum ke saya bai ƙaru ba. Haka Turkiyya ta cire sifili shida a 2005, Afganistan kuma ta cire uku a 2002 bayan faɗuwar Taliban. In Iraƙi ta bi wannan hanya, takardar 25,000 za ta koma 25, darajarta a dala ba ta motsa ba. Mai riƙe da tsofaffin takardu a ƙasar waje ma shi ne cikin haɗari, domin irin wannan canji yana da wa'adi, kuma wanda ya ga layin bankuna lokacin canjin naira a farkon 2023 ya san wahalar da ake sha ko da mutum yana cikin ƙasar, balle yana nesa da ita.

Za a kawo maka misalin Kuwait, wai kuɗinta ya faɗi lokacin mamayar Iraƙi sannan ya tashi bayan yaƙin, don haka na Iraƙi ma zai tashi. Amsarsa gajera ce: mamayar ta ɗauki wata bakwai kacal, dukiyar ƙasar mai yawa tana ajiye a waje, ba a cika kasuwa da sabbin takardu ba, kuma bayan 'yantar da ita a 1991 an soke tsofaffin takardun aka fito da wasu, farashin ya koma kusa da inda yake a da. Wanda ya fi kama da ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita shi ne Jamus ta Yamma a 1948, inda aka canja kuɗin ƙasar, mai ajiyar tsohon mak 100 ya tashi da sabo 6.5, kuma bayan wannan asarar ne tattalin arzikin ya farfaɗo.

Wannan ba yana nufin Iraƙi ba ta ci gaba ba. A 2004 ƙasashen Ƙungiyar Paris, wato ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, sun yafe mata kashi 80 cikin 100 na bashin da suke bin ta, a 2017 ta ƙwato Mosul daga hannun ISIS, a 2022 kuma ta kammala biyan diyyar mamayar Kuwait da ta kai dala biliyan 52.4. Mai son sanin ko farfaɗowar ta kama ƙasa sai ya duba sa'o'in wutar lantarki a lokacin zafi, da ruwan kogin Dijla da Furat da ke raguwa, da ayyukan yi ga matasa, da kason harajin da ba na mai ba, da kuma tazarar da ke tsakanin farashin banki da na kasuwa. Idan waɗannan suka gyaru, riba tana zuwa ne ga mai masana'anta da manomi da ma'aikaci, ba ga wanda ya kulle takarda a akwati ba.

Kafin ka miƙa ko sisi, gwada ƙofar fita. Je wurin 'yan canjin da ka sani, ko a Wapa ta Kano ko a Zone 4 ta Abuja, ka tambaye su nawa za su sayi dinarin Iraƙi daga hannunka yau, sannan ka tambayi shi mai sayar maka nawa zai karɓa idan ka mayar masa gobe. Tazarar da ke tsakanin farashin sayarwarsa da na sayensa ita ce asarar da ka yi tun ranar farko. Ka guji tsarin da ake cewa ka ba da kafin alƙalami a ajiye maka miliyoyi har zuwa ranar sanarwa, domin ban da haɗarinsa, sharaɗin musayar kuɗi da kuɗi a wurin malamai shi ne hannu da hannu a zama ɗaya. Ka kuma bincika ko mai ba da labarin cewa sanarwa ta kusa yana cin kamasho daga mai sayarwa. A 2018 wata kotun tarayya a Atlanta ta sami shugabannin kamfanin Sterling Currency Group da laifin zamba, bayan sun sayar da dinari na ɗaruruwan miliyoyin dala, kuma cikin abin da aka tabbatar a shari'ar har da biyan wani mai yaɗa irin wannan labari a ɓoye, alhali su kansu ba su yarda tashin zai faru ba.