Ga 'yan uwa masu barin Legas zuwa ƙasashen sanyi: yadda ake zama da na'urar ɗumama gida

Na daɗe ina sana'ar gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a nan Agege, kuma tun da yaranmu da ƙannenmu suka fara tafiya karatu da aiki Kanada, Ingila da arewacin Amurka, tambayar da aka fi bugo mini waya a kanta guda ce. Mutum ya kama haya, ya tarar babu tukunyar gas mai ɗumama gida, sai wata na'ura mai kama da eyasin da muka saba da shi, mai gidan kuma ya ce ita ce za ta ɗumama su duk hunturu. Wanda ya taso a garin da da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Celsius, dole hankalinsa ya tashi.

Ku kwantar da hankalinku. Wannan na'ura, wadda za mu iya kira famfon zafi, eyasi ce da aka juya wa aiki. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan shago a Idumota iskar akwatin eyasi ta bugi fuskarsa, ya san zafin da ake kwasowa daga ciki ana zubarwa a waje. A can kuwa zafin waje ake kwasowa a shigo da shi ɗaki. Za ku ce wane zafi ne a iskar da ke daskarar da ruwa? Sinadarin da ke zagayawa cikin bututunta yana tafasa a sanyin da ya fi na iskar tsanani, don haka yana iya tsotsar ɗan ɗumin da ke cikinta, kwamfireso ya matse shi har ya yi zafi sosai.

A matsakaicin sanyi, yunit ɗaya na wutar lantarki yana ba da ɗumi kamar yunit 3 zuwa 4. Idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, samfuran da aka ƙera don ƙasashen ƙanƙara suna ba da kamar ninki biyu, alhali hita ta yau da kullum ba ta wuce ɗaya bisa ɗaya. Wasunsu suna ci gaba da aiki har digiri 25 ko 30 ƙasa da sifiri. Fiye da rabin gidajen Norway da ita suke ɗumi, kuma ba mai koya wa mutanen Norway sanyi. Amma tsofaffin samfuri suna yin rauni da wuri, saboda haka wanda ya sauka a gari irin Winnipeg ko Edmonton na Kanada ya tambayi mai gida tun ranar farko: wane samfuri ne, kuma mene ne madadinta a daren da sanyi ya wuce ƙarfinta?

Inda muka fi samun matsala shi ne ɗabi'ar da Legas ta koya mana. A nan, da an tashi fita sai a kashe komai don kada mita ta cinye kuɗi, in an dawo a murɗa eyasi har ƙarshe. Wannan na'ura ba ta son haka. A hankali take ɗumama gida, kuma idan bango da daɓe suka huce, sai ta ɗauki sa'o'i kafin ta dawo da su. A gidaje da yawa na Amurka da Kanada, idan aka ɗaga ma'aunin ɗumin da yawa lokaci guda, wata hitar lantarki ta taimako ce ke kamawa, za ku ga an rubuta AUX a jikin allon, kuma ita ce mai cin wuta. Wani ƙanena ya yi wata guda yana kashewa da kunnawa da niyyar tsimi, takardar kuɗin wuta ta zo ta ba shi mamaki. Ku ajiye na'urar a kan digiri 20 ko 21 ku ƙyale ta. Masu zama a Ingila kuma, idan kun taɓa ƙarfen ɗumi na jikin bango kuka ji ɗumi-ɗumi kawai, ba lalacewa ya yi ba; ruwan da ke cikinsa bai kai zafin na tukunyar gas ba, haka aka tsara shi.

Akwai abin da ke firgita sababbin zuwa. A ranakun sanyi mai laima, ƙanƙara takan lulluɓe akwatin waje, sai na'urar ta dakatar da ɗumama ɗaki na 'yan mintuna ta narkar da ita, tururi ya tashi, ruwa ya ɗiga a ƙasa. Ba gobara ba ce. Aikinku shi ne ku share dusar ƙanƙarar da ta taru kewaye da akwatin domin iska ta samu hanya, ku wanke matatar ƙura ta ciki a kai a kai, kuma kada ku sa wuƙa ko ƙarfe ku sassaƙe ƙanƙarar, domin bututun siriri ne. Idan ta daskare kwana guda ba ta narke ba, a kira mai gida.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aka ɗauke wuta, domin na'urar tana tsayawa nan take. Don Allah kada kowa ya hura gawayi a kasko kamar yadda iyayenmu ke yi a hunturun Kano, kada kuma ya kunna janareto a cikin gida ko gareji. Gidajen can a toshe suke ruf, kuma iskar gubar da gawayi da janareto ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Ko a nan Legas mun sha jin iyalan da hayaƙin janareto ya hallaka. Ku tabbatar akwai na'urar gargaɗin wannan iska a gidan kuma batirinta yana aiki.

Wanda kuma zai zo gida hutun Disamba, kada ya kashe ɗumin gaba ɗaya. Ya bar shi a kan kamar digiri 13 zuwa 15, ya sanar da mai gida ranar tafiyarsa da ta dawowarsa, domin ruwan da ya daskare a bututu yana fasa shi, kuma sau da yawa ɗan haya ake ɗora wa kuɗin gyaran.