Yadda ake zuwa dubiya a asibitocin Kumasi

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, da zarar an kwantar da mutum a asibiti labari zai karaɗe unguwa, kuma kafin a watse daga sallar Isha'i an sanar a masallaci an yi masa addu'a. Washegari kowa yana son ya je ya gano shi, domin dubiya haƙƙi ne da Musulmi yake da shi a kan ɗan'uwansa, kuma wanda bai leƙa ba za a daɗe ana riƙe da shi a zuci. Sai dai asibiti yana tafiya ne bisa agogonsa, kuma mai dubiyar da bai san wannan agogo ba yakan ƙara wa majiyyaci wahala alhali alheri ya yi nufi.

Kafin ka bar gida, ka kira mai jinya, wato wanda yake ɗawainiya da mara lafiyar, ka tambaye shi ko jikin ya kai a ga baƙi. Ka kuma tambayi asibitin da ginin da ɗakin da aka kwantar da shi, domin Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa yake kira Gee saboda sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950, yana da gadaje sama da dubu a gine-gine da yawa, kuma mutum zai iya ƙarar da lokacin dubiya gaba ɗaya yana hawa bene yana sauka. Ko a asibitocin da ba su kai shi girma ba, kamar na Manhyia da Tafo da Suntreso, sanin ɗakin yana rage yawo. Abin da aka fi mantawa shi ne suna. Mu a zango mun saba da laƙabin gida irin su Ɗanladi ko Azumi, ita kuwa nas ba ta san kowa ba sai da sunan da ke kan katin inshorar lafiya, saboda haka wannan sunan za ka riƙe.

Asibitocin gwamnati sukan buɗe wa masu dubiya ƙofa da sassafe kafin likitoci su fara zagaye, sannan da yamma daga bayan La'asar zuwa wajen Magariba. Ana rubuta ainihin lokacin a allo a bakin ƙofa ko a mashigar ɗakin, kuma abin da aka rubuta ɗin shi ne abin bi, tun da wani sashe yakan bambanta da wani. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ne ake duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, a wanke ciwo, a ba da magani, a ɗebi jini don gwaji, a goge ƙasa, kuma yawancin wannan aiki yana bukatar a buɗe jikin mutum, wanda ba zai so maƙwabcinsa na unguwa ya gani ba. A ganina lokacin safe na mai jinya ne, domin a ɗan tsakanin nan ne zai kawo ruwan zafi a filas, ya goge wa majiyyaci jiki, ya sauya masa tufafi, ya ba shi koko idan an yarda ya sha. Wanda gaisuwa kawai ta kawo shi ya bari sai yamma, kuma ya fito da wuri, saboda cunkoson kasuwar Kejetia yana iya riƙe trotro, wato motar haya, har lokacin ya wuce.

Idan ka makara mai gadi ya hana ka shiga, kada ka tsaya musu da shi ko ka ɗaga murya kana cewa daga nesa ka zo, domin umarni aka ba shi. Ka kira mai jinya ya fito ya karɓi saƙonka. Kalmar mepaakyɛw ta Asante, wadda take daidai da don Allah, tana sassauta fuskar ma'aikaci fiye da doguwar hujja.

Batun yawan mutane shi ne inda muka fi kuskure. Na taɓa ganin wata ƙungiyar mata a wani asibiti, sun cika mota guda sun zo gaishe da 'yar'uwarsu kwana ɗaya bayan an yi mata tiyata a ciki. Suka kewaye gadon har ba a ganin ta, kowace tana son a san ta zo, ita kuwa baiwar Allah tana dafe da wurin ɗinkin tana ƙoƙarin ɗagowa ta amsa wa kowace da sunanta, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Tsohuwar da ke gado na kusa ta ja zane ta rufe fuskarta. Da sun wakilta biyu sun shiga da gaisuwar sauran, da ladan ya samu kuma mai ciwon ta huta. Mutum biyu a bakin gado sun isa, sauran su jira a waje ana shiga bi da bi idan jikin zai ɗauka. Ƙananan yara a bar su a gida, haka ma duk mai mura ko tari ko gudawa, domin abin da yake ɗan zazzaɓi a jikin mai lafiya yana iya kayar da wanda ciwo ya riga ya raunana.

Ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga da kuma bayan ka fito. Inda babu famfo za ka tarar da bokitin nan mai kan famfo da ake kira Veronica, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, kuma tun zamanin korona ya zama ruwan dare. Da ka shiga, ka fara gaida nas-nas da ke teburinsu, ka faɗi wanda ka zo gani, sannan ka yi wa na gadajen kusa sannu a taƙaice ko da ba ka san su ba. Namiji da zai shiga ɗakin mata ya dakata a ƙofa har a sanar, don masu shayarwa da waɗanda ba su rufe jiki ba su kimtsa.

Kada ka zauna a kan gado, kuma kada ka taɓa robar ƙarin ruwa ko ka murɗa abin da yake daidaita ɗigarsa don ka ga kamar ya tsaya. Idan ka lura ruwan ya ƙare ko hannun ya kumbura, nas za ka kira. Gaisuwar kanta ba ta da tsawo: "Mma, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi," ko "Baba, yaya ƙarfin jikin? Allah ya sa kaffara ne." Idan ya ce da sauƙi, ka karɓa a haka. Ba aikinka ba ne ka binciki sunan cutar, ko ka ɗauki takardun gwaji kana dubawa, balle ka kawo labarin wane da ya yi irin wannan ciwon bai tashi ba. Addu'a a yi ta da murya ƙasa-ƙasa, domin ɗakin na kowa ne, akwai Kirista akwai mai barci akwai wanda ciwon kai ya hana shi sakat. Minti goma zuwa sha biyar sun wadatar, kuma idan ka ga idonsa yana lumshewa ka yi sallama ko ba a kai haka ba. Wanda ka tarar yana barci kada ka tashe shi don ya san ka zo, mai jinya zai faɗa masa.

Ba a zuwa hannu rabbana, amma kafin ka cika kula da tuwo ko ka sayo Malt da fura da burkina, ka tambayi abin da aka yarda ya ci. Wanda za a yi wa tiyata akan hana shi ci da sha na wasu awanni, kuma kurɓi ɗaya na koko da aka ba shi don tausayi yana iya sa a ɗage aikin, saboda abin da ke cikin ciki yana iya komawa huhu idan an sa masa maganin barci. Mai ciwon sukari ba a kai masa kayan zaƙi, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda kuma ana auna musu gishiri, wani ma har ruwan da zai sha a rana ƙidaye yake. Haka nan jiƙo da sauran magungunan gida da ake shigowa da su a ɓoye cikin gora: wasu suna karo da maganin asibiti, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, kuma likita ba zai gane abin da ya rikita jikin ba idan an ɓoye masa. Ko rubutu ne, a tambayi nas tukuna ko an yarda ya sha wani abu a lokacin. Turare mai ƙarfi ma a rage shi, domin yana tayar wa masu asma da masu tashin zuciya.

Abin da ya fi amfani sau da yawa shi ne kuɗi, a damƙa wa mai jinya a keɓe ko a tura masa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, tun da inshorar lafiya ba ta ɗaukar kowane magani da kowane gwaji, ga kuɗin mota kullum safe da yamma. Idan katin ya mutu ana iya sabunta shi a waya ta *929#, kuma wannan ɗan aiki ne da saurayi mai dubiya zai iya ɗauke wa tsofaffi. Idan an ce ana bukatar jini, a nan ne yawanmu yake da rana: mai lafiya ɗan shekara 17 zuwa 60 wanda nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa, kuma samari biyar da suka nufi wurin ba da jini sun fi ashirin da suka tsaya a bakin gado. Mai jinya ma mutum ne, wataƙila ya kwana uku a kan benci, saboda haka wanda zai karɓe shi na yini ɗaya ya je gida ya yi wanka ya runtsa ya yi babban taimako.

Kada ka ɗauki hoton majiyyaci ka saka a WhatsApp da sunan neman addu'a ba tare da izininsa ba, kuma ko ya yarda, ka tabbata na gadon kusa bai fito a ciki ba, domin sirrin mara lafiya haƙƙi ne da dokokin aikin lafiya na Gana suka tanada.

Sashen kulawa ta musamman da na jarirai da na haɗari da gaggawa sun fi ko'ina tsauri, galibi makusanci ɗaya ko biyu kawai ake bari, jariran da aka ajiye a kwalba kuwa iyayensu ne suke ganin su. Masu barka su haƙura har mai jego ta koma gida. Idan aka sanar cewa lokaci ya cika, ka tashi ba sai an maimaita ba, ka kwashe ledoji da kwanonin da ka zo da su, ka tambayi mai jinya abin da za a kawo gobe da kuma wanda zai kawo shi.