Yadda za ka ga naman gwarin da ke zaune cikin saiwar masara

Ɗalibai da yawa suna haddace cewa akwai naman gwari mai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da saiwar tsiro, amma ba su taɓa sa shi a ido ba. Wannan yana damuna, domin da madubin likita na makaranta, da tawada, da ruwan khal, aikin yini ɗaya ne. Hanyar kuwa ta Horst Vierheilig da abokan aikinsa ce, waɗanda suka wallafa ta a 1998 don a huta da rini mai guba.

Ka tono saiwa iri uku: ta masara, ta alayyahu, sai ta doka idan kana kusa da daji irin na kudancin Kaduna ko jihar Neja. Masarar ta kai makonni huɗu zuwa shida, kuma ka nemo ta daga gonar da ba a cika mata takin zamani ba. Idan fosfaras ya wadata a ƙasa, tsiron yakan rage karɓar baƙon nasa, sai ka sha wahalar nema. Kada ka finciko. Ka haƙa da hauya, ka ɗauko da ƙasarta, don siraran saiwoyin nan masu kama da gashi su ake so.

Ka wanke ta masara da ta alayyahu, ka yayyanka kamar santimita ɗaya ɗaya. Ka narka giram 10 na sinadarin KOH (potassium hydroxide) a ruwa mililita 100, ka tafasa saiwoyin a ciki minti biyar. Ka sa safar hannu da tabarau, sinadarin yana ƙona fata, kuma kada ka bar yara su yi wannan matakin da kansu. Saiwar za ta yi haske har ka ga kamar ta narke. Ka ɗauraye sau uku. Sannan ka haɗa shuɗiyar tawadar alƙalami irin ta Pelikan mililita 5 da farin ruwan khal mililita 95, ka tafasa saiwoyin minti uku. Ka jiƙa su minti 20 a ruwa mai ɗigon khal, ka shimfiɗa a gilashi, ka duba da madubin likita da ƙarin girma sau 100.

A nan nake so ka daɗe. Cikin masara za ka ga zare-zare shuɗaye sun ratsa tsakanin ƙwayoyin saiwar, da ƙullutu masu siffar ƙwai inda ake ajiye mai. Ka juya madubin a hankali har ka ci karo da ƙwayar da ta cika da wani abu mai rassa kamar ƙaramar bishiyar tsamiya. Nan ne kasuwar take: naman gwarin yana miƙa fosfaras da ya jawo daga nesa, tsiron yana biyan sa da sukari da mai. Irin wannan siffa an same ta a duwatsun Rhynie na Sikotland, cikin tsiron da ya rayu sama da shekara miliyan 400 da suka wuce, tun kafin tsirrai su mallaki saiwa ta gaske. Wannan dangi na naman gwari, mai suna Glomeromycota, yana zaune cikin fiye da kashi 70 cikin 100 na tsirran doron ƙasa, amma jinsunan da aka bayyana ɗaruruwa ne kawai. Ya dogara da tsiro har ba ya iya kammala rayuwarsa shi kaɗai.

Alayyahu kuwa galibi wayam za ka gan shi. Shi da dangin kabeji sun rabu da wannan zama tun da daɗewa, shi ya sa nake amfani da shi don ɗalibi ya tabbatar shuɗin da ya gani a masara ba dattin tawada ba ne.

Doka ba ta buƙatar rini. Ka wanke kan saiwar, ka duba da gilashin ƙara girma na hannu. Za ka tarar da gajerun kawuna masu kauri, babu gashin saiwa, an lulluɓe su da riga fara ko ruwan ƙasa. Wannan naman gwarin ba ya shiga cikin ƙwaya, a waje yake tsayawa yana ratsa tsakani. Ya zo daga baya sosai, kuma ba daga kaka ɗaya ba: sau da dama, a zuriya daban-daban, masu cin ruɓaɓɓen ganye da itace suka koma zaman saiwa, suka zubar da yawancin sinadaran da suke narka jikin tsiro da su. Jinsunansa sun kai dubbai, kuma da yawa daga cikin lemar kwaɗin da ke fitowa a gindin doka da kawo da damina nasu ne.

Idan ka ƙara da wake, kada ƙullutun da ke jikin saiwarsa su ruɗe ka. Waɗannan na bakteriya ne masu kama naitirojin. Ka tsinke su, ka rina siraran saiwoyin kamar na masara.