Babi na Bakwai: Janye Umarnin Kariya da Ƙarar Duka a Cikin Gida

Darasi na 1: Takardu biyu ne, ba ɗaya ba

Iyayena da ’yan’uwana, ku ɗauko takardunku na kotu ku shimfiɗa a gabanku. Wadda ƙananan rubutu ke ba ta wuya ta ɗora yatsa a saman takardar, za mu bi tare. Babu abin kunya a nan.

Ta farko ita ce umarnin kariya, wasu na cewa odar kotu. Ke kika roƙi alƙali ya hana wanda ya dake ki kusantarki, ko kiranki a waya, ko zuwa inda kike zaune. Ta biyu ƙarar laifi ce. Duba sunayen da ke samanta: hukuma a gefe guda, shi a ɗaya gefen. Ke shaida ce kawai. (Idan namiji ne ya nemi kariyar, hanyar ɗaya ce.)

Darasi na 2: Janye umarnin kariya

Ki koma kotun da ta ba da umarnin, ba wata ba. Nemi lambar shari’arki, yawanci tana saman shafin farko, ki kwafe ta a littafinki. A ofishin rajistara ki ce kina son fom na soke umarni. Ki rubuta dalilinki, ko ki faɗa a rubuta miki, amma a karanta miki kafin ki sa hannu ko ki dangwala. Za a ba ki ranar zaman kotu.

Ranar, alƙali zai tambaye ki ko wani ne ya matsa miki. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998 kan duka a cikin gida, alal misali, ta ce sai kotu ta gamsu cewa da son ranki kika zo. Idan tsoratar da ke aka yi, nan ne wurin faɗa. Alƙali yana iya ƙin sokewa.

To, ku buɗe kunne. Umarnin yana nan da ƙarfinsa har sai alƙali ya sa hannu ya soke shi. Ku maimaita: har sai alƙali ya sa hannu.

Kun sasanta? Yana nan. Dangi sun zauna an yafe wa juna? Yana nan. Kin cika fom, an karɓa, an buga hatimi? Har yanzu yana nan. Ko yaga takardar kika yi, ta kotu tana cikin fayil. Idan wanda ya dake ki ya shigo gidan kafin alƙali ya sa hannu, ana iya kama shi, ko da ke kika kira shi. A Ingila, tun 2007, karya irin wannan umarni laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 5.

Haba jama’a! Kullum a nan ake tuntuɓe. Na faɗa na sake faɗa, amma sai in ji wata ta ce, “Malama, ai mun shirya.” Shirinku daban, sa hannun alƙali daban. Ku rubuta jimlar nan sau uku, ku ja mata layi. Wadda hannunta bai saba ba ta bi a hankali, zan jira.

Ni a ganina, kafin ki nemi sokewa gaba ɗaya, ki tambaya ko za a sassauta shi: a bar shi ya yi magana da ke kan yara, amma hanin duka da barazana ya tsaya. Idan aka soke kuma abin ya dawo, yawanci sabon nema za ki faro.

Darasi na 3: Ƙarar laifi

Wannan ba ke za ki janye ta ba. Ki je ki gaya wa mai gabatar da ƙara ra’ayinki, shi zai yanke. A wurare da dama na Amurka ana ci gaba da shari’a da hotunan rauni da rahoton asibiti ko da matar ta ja baya. Kada ki ce ba a dake ki ba alhali an dake ki. Ƙarya bayan rantsuwa laifi ce. Sammaci ya zo, ki amsa. Sharuɗɗan belinsa kuma suna iya hana shi zuwa wurinki ko bayan an soke umarnin kariya.

Darasi na 4: Bayan nan

Ki karɓi kwafin takardar sokewa ki adana. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ki tambayi lauya.

Aikin gida: Yaushe umarnin kariya yake daina aiki?