Yadda Ake Ƙona Zane a Jikin Katako da Gishirin Amoniyam Kuloraid

Nemi katako mai haske mara fenti, ka goge shi da sanfefa ya yi sumul. Narka babban cokali 1 na amoniyam kuloraid (farin garin sinadari mai kama da gishiri) a rabin kofin ruwan zafi, ka zuba sitaci kaɗan ya yi kauri kamar koko. Ruwan in ya tsinke bin jijiyar itacen yake, zanen ya yi gashi-gashi a gefe.

Manna sitikar da aka yanke zanen a ciki, shafa haɗin siriri, ɓare sitikar, a bari ya bushe sarai. Sai na'urar hura iska mai zafi (heat gun): riƙe ta nesa kamar santimita 10, kana kewayawa. Wurin da ya sha magani zai yi rawaya, sannan ya koma ruwan ƙasa. In ka tsaya wuri ɗaya, har inda babu zane zai babbake.

A waje ake wannan aiki, hayaƙin yana da asid.