Yadda za ka gyara abin da bakinka ya ɓata

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ɓarnar da ta yi ce kawai ake iya gyarawa, kuma wanda ya furta ta shi zai fara tashi. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce ko kana gaban bagade da baikonka, in ka tuna ɗan'uwanka yana riƙe da kai a zuciya, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Kada ka jira sai kun haɗu a sujada. Yawan jinkiri yana ba shi damar ƙara wa maganar ma'anar da ba ka nufa ba.

Same shi shi kaɗai, ido da ido. Rubutaccen saƙon waya ba ya ɗaukar murya, yana kuma iya faɗawa hannun wani.

Sai ka ambaci ainihin abin da ka faɗa: "Na ce maka maƙaryaci a gaban jama'a. Ban kyauta ba, ka yafe mini." A nan galibi ake kuskure. Mai cewa "in na ɓata maka rai, ka yi haƙuri" bai amsa laifi ba, ya ma nuna ɗayan ne mai saurin fushi. Wanda kuma ya ƙara da "amma kai ma" ya sake tayar da rigimar. Gama naka ka yi shiru, ka saurara kamar yadda Yakubu 1:19 ta koyar, ko da zai maimaita abu ɗaya sau uku. Kada ka karanto masa ayar gafara. Ba mai laifi ne ke sa wa wanda ya raunata ranar hucewa ba.

Saura wajen da maganar ta kai. In mutum biyar suka ji, su biyar ɗin za ka koma wa ka ce abin da ka faɗa ba daidai ba ne. Wannan ya haɗa da tsegumin da ake sakayawa cikin "mu sa wane a addu'a", ana zayyane sirrin gidansa a taron zumunta.

In kuwa kai aka yi wa, Matiyu 18:15-17 ta jera matakan: ku biyu tukuna, in ya ƙi ji ka zo da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Da yawa sukan fara daga na ƙarshe, fasto ya ji labari kafin mai laifin ya san an yi fushi da shi.